Kanya Ta Nuna, Biri Ya Karye: Tarihin Ƙasar Batsari da Safana a Cikin Kwandon 'Ya'yan Itace

Gabatarwa

Garuruwa da dama a duniya sun keɓe ranakun da suke yi wa 'ya'yan itatuwansu biki. A birnin Delhi na ƙasar Indiya, tun 1987 ake taruwa duk shekara a baje ɗaruruwan nau'o'in mangwaro, a ɗanɗana, a ba mai mafi kyau kyauta. A Manton, wani ƙaramin gari da ke bakin teku a kudancin Faransa, tun 1934 suke bikin lemo. Mu a ƙasar Batsari da Safana, a yammacin Jihar Katsina, ba mu da wani biki mai suna irin wannan. Kasuwa muke da ita. Sai dai daga tsakiyar watan Maris zuwa faɗuwar ruwan shuka, lokacin da bazara ta kankama, mangwaro ya nuna, ɗorawa ta bushe a kan uwarta, kasuwar takan rikiɗe ta zama biki ba tare da sanƙira ya yi shela ba.

Wanda ya tsaya ya dubi abin da ake bajewa a irin wannan rana zai ga kwandon ya kasu gida biyu. Akwai 'ya'yan itacen da ba wanda ya shuka, waɗanda mutanenmu ke kira na Allah: ɗorawa, goruba, aduwa, taura, kanya, magarya, tsada da sauransu. Akwai kuma na dashe, waɗanda hannun mutum ya kafa ya yi wa ban ruwa: mangwaro, yazawa, gwaba da lemo. Abin da nake son nunawa a wannan rubutu shi ne, waɗannan gida biyu shaidu ne na zamani biyu a tarihin ƙasarmu. Na farko ya bunƙasa ne a kan kufan garuruwan da yaƙi ya tasa. Na biyu bai samu gindin zama ba sai da yaƙi ya kwanta. Saboda haka duk mai son sanin halin da zaman lafiya yake ciki a wannan yanki, yana iya karanta shi a bakin kwando.

Ƙasar da Ake Magana a Kai

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna, Batsari a arewa, Safana a kudu, dukkansu sun yi iyaka da Jihar Zamfara ta yamma. A tsarin masarautar Katsina, Sarkin Ruma shi ne hakimin Batsari, Yariman Katsina kuma shi ne hakimin Safana. Sarautar Sarkin Ruma ta samo sunanta daga tsohon garin Ruma, wanda ya girmi Batsari a tarihi, kuma har yau dattawa kan ce “ƙasar Ruma” in suna nufin yankin baki ɗaya. A ɓangaren Safana kuwa akwai tsofaffin garuruwa irin su Zakka da Runka.

Ƙasa ce ta jigawa da duwatsu, da ƙoramu masu cika da damina su ƙafe da rani, su bar fadamu masu damshi a gefensu. Daga yamma dajin Rugu ya yi mata rumfa, ya miƙa kudu ta Ɗanmusa, ya tsallaka cikin Zamfara. Ko sunayen garuruwan ma suna ba da labarin itatuwa. Akwai 'Yargamji a Batsari, akwai Ɓaure da Babban Duhu a Safana, duhu kuwa a nan yana nufin surƙuƙin daji. Mutanen da suka raɗa wa garuruwansu irin waɗannan sunaye, da itace suka san wuri, da shi suke kwatance, a gindinsa suke shari'a da ciniki.

Wuni Guda a Kasuwa

Kasuwar Batsari ranar Alhamis take ci. Akwai wata Alhamis a ƙarshen watan Afrilu na 2012 da na wuni a cikinta tun hantsi har la'asar sakaliya, na rako kawuna wanda ya ɗauko mangwaron lambunsa a amalanke daga ƙauyenmu. Mun taso bayan sallar asuba don mu riga zafin rana. Kafin mu iso, hanya ta cika da jakuna da babura da amalanken shanu, kowa da kwandunan da aka rufe bakinsu da ɗanyen ganye don kada rana ta dafa kayan.

Ƙamshi ne ya fara tarye mu kafin hayaniya. An zuba mangwaro kashi-kashi a kan buhunan da aka shimfiɗa a ƙasa: ga ƙanana masu zare da yara ke tsotsa har ƙwallo ya yi fari, ga binta suga, ga fafaranda, ga bakin aku, ga manya masu aure da ake jerawa ɗai-ɗai kamar ƙwai. Kusa da su masu yazawa ne, sun cire ƙwallon sun ware shi a tiya domin yana da nasa masu saye, ja da rawayan 'ya'yan kuma suna tsiyayar da ruwa, ƙudan zuma na shawagi a kai. 'Yan sari daga Katsina sun ja akori-kura sun tsaya a gefe, dillalai na kai da kawowa tsakaninsu da masu kaya. A taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a nemi gyara. Yara kuwa ranar tasu ce. Duk wanda ya taya sauke kwando an ba shi na tsotsa, rigunansu duk sun rine.

A ɗaya gefen, inda inuwa ta fi kauri, tsofaffi mata ne da 'yan mata suke zaune da ƙore da faifai. Nan ne gidan 'ya'yan itacen daji. Garin ɗorawa rawaya shar a cikin ƙwarya, kalwa a mudu tana jiran masu daddawa, goruba, aduwa, ragowar taura da busasshiyar magarya na hunturun da ya wuce, curin tsamiya, da 'ya'yan giginya manya masu ƙamshi. Na tambayi wata tsohuwa tsada, ta ce, “Ɗan nan, ka yi sauri. Tsada da faru da taɓo sai sun ji ƙamshin ruwa. Ka dawo in an yi shuka.” Matan Fulani suna nan a tsakaninsu da ƙoren nono da fura. Na ga wadda ta sayar da nononta ta juya ta sayi mangwaro ta ƙulle a gefen zane za ta kai wa yara ruga, na kuma ga samarinsu da suka fito da goruba daga cikin daji inda suke kiwo. Mutumin gari da mutumin ruga sun san sunan juna, suna bin juna bashi daga wannan Alhamis zuwa waccan.

Bayan azahar na zauna kusa da wani dattijo mai tsaron tulin mangwaro, sa'an kakana. Na gaishe shi na ce, “Baba, wannan duk na lambu ɗaya ne?”

Ya ce, “Na itace huɗu ne. Mahaifina ya dasa su shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira. Shekarar kuwa fari aka yi. Ni nake ɗauko ruwa a tulu daga rafi ina zuba masu, ina ƙunƙuni, shi kuma yana kewaye su da ƙaya saboda awaki.”

Na ce, “Ya sha 'ya'yansu kuwa, Baba?”

Ya ce, “Ya sha na shekara biyu, Allah ya karɓi abinsa. Ai ba don kansa ya dasa ba.”

An canja kuɗin Nijeriya zuwa naira a farkon 1973, a tsakiyar babban farin da ya addabi ƙasashen Sahel. Ke nan itatuwan nan huɗu sun kusa shekara arba'in suna ciyar da gida ɗaya. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan ɗauki shekara biyar zuwa takwas kafin ya fara 'ya'ya, mai aure kuma uku zuwa huɗu. Gero kwana casa'in ne ko ƙasa da haka, in an tashi gudu ana iya ɗaukar damensa a ka. Itace ba ya ɗaukuwa. Wanda ya dasa shi ya yi imani cewa shi ko ɗansa zai kasance a wannan wuri bayan shekara goma. Tambayar da tarihi zai amsa ita ce, yaushe mutumin ƙasar Ruma ya samu irin wannan natsuwa, kuma me ya hana shi samunta kafin nan?

Yadda Gari Ya Zama Daji

Da yawa daga cikin matasanmu sun ɗauka dajin Rugu haka yake tun fil azal. Tarihi bai nuna haka ba. Kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yammacin Katsina ƙasa ce mai garuruwa, kuma ta nan hanyoyin fatake suke bi zuwa Zamfara. Da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafa sabuwar hedikwata a Maraɗi wajen 1819, a ƙarƙashin Ɗankasawa. Ba su taɓa sallama cewa sun rasa Katsina ba. Suka haɗa kai da Gobirawa, aka shiga yaƙin da ya ci kusan ƙarni guda, ƙasarmu kuwa ta zama filin dagarsa.

A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar ƙawancen Gobir da Maraɗi a Gawakuke, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda. Wanda ya gaji Rauda, wato Ɗanmari, ya sake dabara. Wajen 1843 zuwa 1844 ya shigo ƙasar Katsina, garuruwa da dama na yankin Ruma suka yi wa Sarkin Katsina Siddiƙu bore suka mara masa baya. Siddiƙu ya murƙushe boren, ya kuma yi ramuwa mai tsanani. An rushe garuruwa, an kama mutane, waɗanda suka tsira suka watse. A 1844 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Siddiƙu daga sarauta, aka naɗa ɗan'uwansa Muhammadu Bello, amma aikin gama ya riga ya gama. Gonakin da aka bari suka koma saura, saura ta koma daji, dajin ya haɗe ya zama wani shinge tsakanin Katsina da Zamfara wanda mahara ke fakewa a ciki.

Muna da shaidar wanda ya gani da ido bayan shekara tara. A watan Maris na 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya tashi daga Katsina zuwa Sakkwato cikin ayarin Galadiman Sakkwato. Sun bi ta Kuraye da Kurfi, suka yada zango a Zakka, wadda take ƙasar Safana a yau. Daga Zakka suka keta dajin zuwa wajen Zurmi cikin hanzari da fargaba, domin labarin rundunar Gobirawa ya cika ƙasa. Mutumin da ya sa lardin Katsina cikin mafi kyawun ƙasashen da ya gani a tafiyarsa, shi ne kuma ya ratsa wannan gefe nasa yana waige. Haka aka ci gaba a zamanin Ɗanbaskore na Maraɗi da bayansa. Ƙasar da take cikin wannan hali mayaƙa take haifarwa, shi ya sa sunan da Ruma ta fi shahara da shi a ƙarshen ƙarnin shi ne na jarumi Ɗanwaire.

A irin wannan zamani mutum yakan kwana cikin ganuwa, ya yi noma kusa da ƙofar gari, kunnensa na sauraren kuwwa. Ba shi da zarafin kafa lambu a bakin rafin da ke nesa. Itatuwan da suka ci ribar zamanin su ne na Allah. Kanya da ɗinya suka cika bakin ƙoramu, taura da tsada da faru suka bazu a tudu, kukoki kuma suka tsaya a inda gidaje suke a da. Har yau makiyayi ko maharbi in ya tarar da kukoki sun yi cincirindo a tsakiyar daji, ya san a kan kufai yake tsaye.

Ba a raina waɗannan itatuwa ba, domin su ne rumbun talaka na biyu. Manomi in yana sharar gona ba ya sare ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya. Ɗorawa ita kaɗai tana ba da gari a sha, kalwa a yi daddawa, makuba a yi daɓe da shafen katanga. Kaɗanya na ba da taɓo a farkon damina, daidai lokacin da hatsi ya yi ƙasa a rumbu, ƙwararta kuma a yi man kaɗe, ga shi kuwa takan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara haihuwa. A shekarun yunwa, irin Kakalaba ta 1914, garin ɗorawa da goruba da aduwa suna cikin abin da ya riƙe ran mutane a ƙasar Hausa. Tsohuwar da ke zaune da ƙwaryar garin ɗorawa a kasuwar Batsari, gadon wannan dogon zamani take tsaro.

Zamanin Dashe

Mangwaro baƙo ne a ƙasar Hausa. Asalinsa daga yankin Indiya yake, yazawa daga arewa maso gabashin Barazil, gwaba kuma daga yankunan zafi na nahiyar Amurka. Jiragen ruwan Turawan Fotugal suna cikin abin da ya yaɗa su a gaɓar tekun Afirka, daga can suka yi ta hawowa arewa sannu a hankali. Lokacin da Hugh Clapperton ya sauka birnin Katsina a 1824, 'ya'yan itacen da ya ambata sun haɗa da ɓaure da rumman da lemun tsami, babu mangwaro a lissafinsa. Waɗannan ma kayan lambunan birni ne, na masu hali, a bayan ganuwa mai tsaro.

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903, Faransawa kuma suka mamaye Maraɗi, aka shata iyaka tsakanin ƙasashen biyu. Mulkin mallaka ya zo da nasa zaluncin, na haraji da aikin tilas, amma hare-haren da aka shekara kusan ɗari ana yi sun tsaya. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, mutane suka fara fita daga cikin ganuwa suna kafa ƙauyuka da unguwanni a inda kakanninsu suka gudo. Aka sare saura aka mai da ita gona. Fulani makiyaya suka samu daji mai ciyawa da ruwa wanda ba a farautar mutum a cikinsa. Hanyoyin mota suka biyo baya, kasuwannin mako suka haɓaka. A cikin wannan sarari ne mangwaro ya shigo. Ɗan ci-rani ya dawo daga kudu da ƙwallo a aljihu, ma'aikacin gona ya kawo dashe daga gandun gwamnati, maƙwabci ya roƙi iri wurin maƙwabci, har bakin rafuka ya yi duhu da inuwarsa.

Hukuma ta nemi tsara zaman daji da gona. An keɓe dazuzzukan Ruma da Kukar Jangarai, kuma a shekarun 1960, zamanin da Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo ta 1965, aka yi aikin mai da su makiyaya mai tsari, da madatsun ruwa don shayar da dabbobi, Runka kuma ta zama cibiyar aikin. Manufar ita ce makiyayi ya san iyakarsa, manomi ya san tasa. Bayan farin 1973 da na 1984 hankalin hukuma ya ƙara komawa kan dashen itatuwa, kuma a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka fara wani babban shirin dashe a arewacin jihar da tallafin ƙasashen Turai, wanda ya saba wa manoma da karɓar dashe daga gandun raino.

Kasuwar da na gani a 2012 amfanin wannan zamani ce. Kusan shekara ɗari na kwanciyar hankali ne suka taru a cikin kwandunan nan. Gida biyun kuma ba kishiyoyi ba ne a lokacin. Daji na ba da nasa ta hannun mata da makiyaya, lambu na ba da nasa ta hannun manoma, su haɗu a inuwa ɗaya ranar Alhamis.

Kanya Ta Nuna

Tun kafin wannan rana tsarin ya fara rubewa daga ciki. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka ci burtali da mashaya, madatsun ruwan makiyaya suka cike da yashi ba a yashe ba, masu gawayi da itacen girki suka far wa dajin. Satar shanu ta tashi daga ta sanda ta koma ta bindiga. Ƙarar da ba a yi wa adalci ba ta zama gaba, gaba ta haifi ramuwa, 'yan sa-kai suka tashi, 'yan bindiga suka yi sansani a Rugu. Dajin da ya ɓoye maharan ƙarni na 19 ya koma ɓoye na ƙarni na 21, sai dai doki ya zama babur.

A watan Mayu na 2019 aka kashe manoma goma sha takwas a 'Yargamji, har jama'a suka ɗauki gawawwakin zuwa birnin Katsina don hukuma ta gani da idonta. A watan Satumba na shekarar Gwamna Aminu Bello Masari ya zagaya yankin ya yi sulhu da shugabannin 'yan bindiga, sulhun bai ɗore ba. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum talatin a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na Batsari. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin jiha ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin da abin ya shafa, har da Batsari da Safana, ta hana ɗauko itace daga daji a manyan motoci, a watan Satumba kuma aka katse layukan wayar salula. Ƙauyuka da dama suka watse, mutanensu suka cika garin Batsari da Dutsinma da Katsina, wasu suka tsallaka ƙasar Maraɗi, can inda maharan da suka kori kakanninsu suke fitowa a da.

Ba a cika lissafa itatuwa cikin asarar irin wannan fitina ba, domin rai ya fi su. Amma duk wanda ya san yankin ya san abin da ya same su. Itace bai san an gudu ba. Bazara na yi mangwaro zai yi fure ya yi 'ya'ya, su nuna su zube a ƙasa, mai shi yana gudun hijira a gari yana sayen ƙwaya uku a bakin titi. Macen da ta saba shiga daji da maƙata ta kaɗo ɗorawa, yanzu tana tsoron a ɗauke ta a nemi kuɗin fansa. Bafulatanar da ke kawo nono ta daina shigowa kasuwa, domin ita ma tana tsoron a kama ta da laifin da ba ita ta yi ba. Bahaushe ya ce kanya ta nuna, biri ya karye. Lambun kawuna yana nan, itatuwan sun fi da girma, amma ya yi shekaru bai kwana kusa da su ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne dashen da ba a yi ba. Duk shekarar da aka yi ba a kafa sabon itace ba, giɓi ne da ba zai bayyana ba sai bayan shekara goma, ranar da tsofaffin itatuwa suka gaji, ba a sami masu gadonsu ba.

A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu tsakanin al'umma da masu ɗauke da makamai a wasu ƙananan hukumomin yankin. Wasu sun koma gonakinsu. Tarihin 1844 yana gargaɗin cewa ƙarfi kaɗai yana iya kashe bore ya kuma kashe ƙasa tare da shi. Tarihin 2019 kuma yana gargaɗin cewa sulhun da bai taɓa tushen rigima ba, wato burtali da mashaya da shari'ar gaskiya, ba ya kai bazara biyu.

Kammalawa

Akwai abin koyi a Argungu. Kabawa da Sakkwatawa sun shafe kusan ƙarni guda suna yaƙi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci Argungu, aka shirya masa kamun kifi, daga nan bikin da duniya ta sani ya samo asali. Sulhu ne ya haifi bikin, bikin kuma ya zama abin tuna sulhun duk shekara. Ƙasar Hausa ma ba baƙuwar irin wannan ba ce, domin kalankuwa da ake yi bayan kaka biki ne na godiya a kan amfanin ƙasa.

Ina ganin ya dace Batsari da Safana su yi tunanin ranar 'ya'yan itace tasu, Alhamis guda a cikin bazara, a ƙarƙashin Sarkin Ruma da Yariman Katsina, inda mai lambu zai kawo mangwaronsa, tsohuwa ta kawo garin ɗorawarta, Bafulatana ta kawo nononta, a karrama wanda ya fi yawan dashen da ya rayu, a kuma zaunar da dattawa su faɗa wa yara sunayen kufan da ke cikin Rugu da dalilin tashinsu. Yaron da ya san cewa dajin nan gari ne a da, zai fahimci cewa garinsa ma yana iya zama daji.

Sai dai biki ba ya riga zaman lafiya zuwa. Kafin a buga tambari, akwai ma'aunin da ya fi jawabin kowane jami'i gaskiya. A je gefen kasuwa inda ake sayar da dashen mangwaro da yazawa a cikin baƙar leda, a farkon damina. In aka ga manomi daga ƙauyukan bakin daji ya ciro kuɗinsa ya sayi biyar ya ɗaura a bayan babur, to zuciyarsa ta ba shi cewa zai kai shekara biyar a gidansa. Allah ya nuna mana wannan rana, ya jiƙan waɗanda suka dasa mana abin da muke sha, ya kuma ba mu ikon dasa wa na bayanmu.